Risibar maus ɗina ta ɓata, wanne zan saya yanzu, mai waya ko wayales ko Bluetooth?

Abban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah masana harkar kwamfuta shawara nake nema. Ina da ɗan shago ne na taifin da fotokwafi da cike wa ɗalibai fom, kwamfuta biyu nake aiki da su, ɗaya destof ce tsohuwa ta hannu wadda har yanzu Windows 7 ce a kanta saboda firintata ta fi jituwa da ita, ɗayar kuma laftof ce HP ita ma ta hannu mai Windows 10.

To maus ɗin da nake amfani da shi a laftof ɗin mara waya ne, irin wanda yake zuwa da ɗan mitsitsin abin nan da ake sokawa a ramin USB. Yaron shagona ya zare shi zai saka filas ɗin wani kwastoma, tun daga nan ba a sake ganinsa ba, mun share shagon kaf mun ja tebur mun ɗaga tabarma babu shi babu dalilinsa. Shi kuma maus ɗin lafiyarsa ƙalau in ka kunna jar wutar nan ta ƙasa tana kamawa. Na je wani shago nace a sayar min da ɗan abin shi kaɗai, mai shagon yace wai ba a sayarwa sai dai in sayi sabo gaba ɗaya, ni dai raina bai kwanta ba don gani nake ciniki kawai yake nema. Sannan ya ɗauko min wani yace wannan Bluetooth ne baya buƙatar a soka komai, ni kuma da a tunanina duk mara waya ai Bluetooth ne, ashe wai da bambanci? Ga shi laftof ɗin ramin USB uku gare ta ɗaya ya mutu, in na saka firinta na saka filas shikenan wuri ya ƙare, shi yasa maganar Bluetooth ɗin ta ɗan shige ni amma bana son in zuba kuɗi in zo gida ya ƙi yi.

Sai kuma wani abu da na daɗe ina son tambaya, a bayan destof ɗin akwai wasu ramuka biyu masu zagaye ɗaya kore ɗaya ruwan shuni haka mai kama da shuɗi, ban taɓa saka musu komai ba, wani yace min na maus ne. In haka ne ko zan iya amfani da su in huta da rigimar USB? Na gode Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Mai_Gyara:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai buɗe murfin batir ɗin maus ɗin ka leƙa, yawancinsu akwai ɗan rami a gefen batir ko a ƙasan maus ɗin da aka yi musamman don ajiye risibar, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB, sau da yawa ana kawo min maus ana cewa risiba ta ɓata in buɗe in same ta a kwance a ciki, wataƙila yaron naka can ya cusa ta ya manta.

In babu, to gaskiya mai shagon nan bai yi maka ƙarya sosai ba. Waɗannan masu arahar da suka cika kasuwa tun daga kamfani ake haɗa kowane maus da risibarsa, kamar kwaɗo da mukullinsa ne, in ka ɗauko risibar wani ko da kamfaninsu ɗaya kalarsu ɗaya yawanci ba zai ji ta ba. Inda ake samun sauƙi shi ne wasu na Logitech, su suna da wata risiba da suke kira Unifying wadda suka fito da ita a 2009, za ka gane ta da wata 'yar alama ruwan lemo mai kama da tauraro a jikin risibar da kuma ƙasan maus ɗin. In naka yana da wannan alamar to ana sayar da risibar ita kaɗai, ka sauke manhajarsu ka haɗa su da kanka, kuma risiba ɗaya tana ɗaukar na'ura har 6, wato maus da kibod duk a rami ɗaya. A 2021 sun sake fito da wata mai suna Bolt, ita alamarta daban kuma basa shiga wa juna da Unifying, don haka ko nan sai mutum ya duba da kyau kafin ya biya. Ka juya naka ka gani, in babu alama babu sunan kamfanin kirki to ka haƙura da shi.

Maganar Bluetooth kuwa ba kai kaɗai ba, mutane da yawa haka suke ɗauka duk ɗaya ne. Dukkansu biyun dai da igiyar rediyo ta 2.4GHz suke magana amma yarensu daban. Mai risiba ba ruwansa da ko kwamfutarka tana da Bluetooth ko bata da shi, ita kwamfutar gani take kawai an soka mata maus na USB, kana sokawa kibiya ta fara motsi ba wani seti ba komai, ko kana cikin ɗora sabuwar Windows ko ka shiga BIOS, wato setin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, zai yi maka aiki. Shi kuma na Bluetooth dole sai kwamfutar da kanta tana da Bluetooth a cikinta kuma diraibarsa, wato manhajar da ke sa Windows ta gane shi, tana aiki, sai ka danne ɗan madannin da ke ƙasan maus ɗin har wuta ta fara ƙiftawa, ka shiga setin Bluetooth na Windows ka ce a ƙara na'ura, ka zaɓi sunansa. Sau ɗaya ake yi, daga nan yana tunawa. Amfaninsa kamar yadda ka hango baya cin rami, matsalarsa kuma in ka bar shi ya ɗan jima baka taɓa ba yana yin barci don tattalin batir, in ka dawo sai ka ɗan girgiza shi na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya farka, wani abin baya damunsa wani kuma haushi yake ba shi musamman in kwastoma na tsaye a kanka.

Laftof ɗinka mai Windows 10 kusan tabbas tana da Bluetooth amma ka tabbatar tukuna, tunda ta hannu ce wani lokacin wanda ya ɗora mata Windows bai saka diraibar ba. Destof ɗin kuwa ka cire rai, tsofaffin destof ba kasafai suke zuwa da shi ba, kuma ko ka sayo 'yar adaftar Bluetooth ka soka akwai wani tarkon, yawancin sababbin maus na Bluetooth da samfurin nan mai ƙarancin cin batir suke aiki wanda ake kira BLE, shi kuma sai daga Windows 8 zuwa sama aka fara tallafa masa yadda ya kamata, a Windows 7 sai ka yi ta nema baka ga maus ɗin ba ka ɗauka lalatacce aka sayar maka.

Ramukan bayan destof ɗin kuma eh gaskiya aka faɗa maka, sunansu PS/2, kamfanin IBM ne ya kawo su a 1987. Koren na maus ne, ɗayan mai ruwan shuni na kibod. Kan wayarsu zagayayye ne da 'yan tsinkaye 6 a ciki. Suna aiki har gobe amma da sharaɗi, kwamfutar tana kashe ake sokawa sannan a kunna, in ka soka tana kunne ba zata gan shi ba sai ka sake tayar da ita, kuma a hankali ake sokawa a daidaita shi da ramin don in aka murɗa da ƙarfi tsinkayen lanƙwashewa suke. In ka samu mai irin wannan kan a wajen masu kayan hannu ka saka wa destof ɗin ba laifi ka tsira da ramin USB ɗaya. Amma kar a ruɗe ka da 'yar koriyar adaftar nan mai mayar da USB zuwa PS/2, babu komai a cikinta sai wayoyi, tana yi ne kawai in shi maus ɗin an ƙera shi ya iya yare biyun, na yanzu kuwa da yawa basu iya ba.

In shawarata kake so, ni a shago irin naka da hannu da yawa ke taɓa kwamfuta mai waya na USB nake cewa a saya. Ba batir, ba risibar da za a zare, ba wanda zai zura shi a aljihu ya fita, in ya faɗo daga tebur ma wayar ta riƙe shi.

Ummu_Zane:

Sannu Abban Ilham, Allah ya mayar da alheri. Injiniya ya yi bayani mai kyau amma ni kam a maganar mai waya ban bi shi gaba ɗaya ba. Aikina zanen katin biki da kalanda da sitika ne a CorelDraw, wuni nake hannuna na kan maus, kuma wlh in kana jan layi siriri wayar nan ta maƙale a gefen tebur ko ta ja ka baya sai ka ji kamar ka yi jifa da shi. Ga shi wayoyin masu arahar nan daga wuyan maus ɗin suke karyewa ta ciki, sai ka ga wuta na kamawa tana ɗaukewa Windows na ta ƙarar an cire an saka.

Tunda kwamfuta biyu gare ka me zai hana ka nemi mai hanya biyu? Akwai waɗanda suke zuwa da risiba kuma suna da Bluetooth duk a maus ɗaya, da ɗan makunni a ƙasa da kake sauya wa. Sai ka soka risibar a bayan destof inda hannun yaro baya kaiwa ka manta da ita can, laftof kuma ka haɗa ta da Bluetooth, kaga ramukan laftof ɗinka sun huta kuma ba abin da zai sake ɓata. Irinsa nake amfani da shi tsakanin laftof da tablet ɗina. Sai dai fa in kai da yaronka kuna aiki a lokaci guda a kan kwamfutocin biyu to dole maus biyu, wannan ba makawa.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne batir. Kar ka saka masa batir ɗan yatsa na arahar nan da ake saka wa tocila, baya daɗewa kuma in ya kwana biyu a ciki ga zafin garin nan sai ya yi ta zubar da wani farin gari ya cinye ƙarfen da ke taɓa batir ɗin, maus ɗin ya mutu a banza. Ka sayi alkalin mai kyau guda ɗaya zai kai ka watanni, kuma in za a rufe shago a kashe makunnin ƙasa. Akwai kuma masu caji da kebul irin na waya Type-C, suna da daɗi in kana samun wuta, sai dai in batirin cikinsu ya gaji ba a canzawa cikin sauƙi.

Sannan dan Allah ka riƙe shi a hannu kafin ka biya. 'Yan ƙananan nan masu faɗi kamar an danne su suna da kyan gani amma in ka wuni da su wuyan hannunka zai gaya maka. Ni da nawa ya fara ciwo na koma irin tsayayyen nan da ake riƙewa a karkace tamkar za ka gaisa da mutum, kwanakin farko kibiyar sai ta yi ta kufce min amma yanzu bana iya komawa na da. Kai da yake taifin ya fi yawa a aikinka ba lallai ka buƙace shi ba, matsakaici mai ɗan tudu a baya ya ishe ka.

Malam_ICT:

Maganar PS/2 ɗin nan ta tuna min da ɗakin kwamfutar makarantarmu na da. Yaran yanzu basu san maus mai ƙwallo ba, in ka juya shi akwai wata ƙwallo mai nauyi ƙarfe ce aka lulluɓe da roba, ita ke gungurawa a kan tebur tana juya wasu 'yan sanduna biyu a ciki, ɗaya na lura da motsin sama da ƙasa ɗaya na hagu da dama. In hunturu ya shigo ƙura ta taru sai kibiya ta fara tsalle ko ta tafi gefe ɗaya ta ƙi ɗayan, sai mu murɗe zoben ƙasan mu ciro ƙwallon mu kankare baƙin dattin da ya naɗe a sandunan da farce ko tsinken ashana. Babbar rigimar kuma ɗalibai su sace ƙwallon su tafi wasa da ita, har sai da aka riƙa liƙe zoben da gam. Kafin PS/2 ma akwai masu faffaɗan kai mai rami 9 da ake ɗaure wa da sukurori biyu a bayan kwamfuta, siriyal ake ce musu, in ka duba bayan tsohuwar destof ɗinka Alhaji ba mamaki ka ga wurinsa.

Ga masu son tarihi, wani Ba'amurke ne Douglas Engelbart ya ƙirƙiro maus a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya, abokin aikinsa Bill English ya haɗa na farko a 1964, ɗan akwatin katako ne da tayoyi biyu a ƙasa da madanni ɗaya, aka nuna wa duniya shi a San Francisco ranar 9 ga Disamba 1968. Amma sai da Apple ta fito da Macintosh a 1984 sannan ya shiga gidajen mutane sosai. Tayar nan ta tsakiya da muke gungura shafi da ita Microsoft ce ta yayata ta da IntelliMouse a 1996, shekarar da USB ma ya fito kenan, sai a 1999 suka fito da mai jar wuta wanda ya kori ƙwallo daga kasuwa, na leza kuma Logitech ta kawo MX1000 a 2004.

Shi mai jar wutar nan mutane na ɗauka wutar ce ke aikin, alhali haska tebur kawai take, akwai 'yar ƙaramar kyamara a ciki da ke ɗaukar hoton saman teburin sama da sau dubu a daƙiƙa ɗaya tana kwatanta wannan hoto da na bayansa, da haka take gane ina ka ja hannunka. Shi yasa a kan gilashi ko tebur mai sheƙi yake rikicewa, ba ta samun wani tabo ko zane da zata bi. In teburinka irin mai gilashi a sama ne ka sa masa faifan maus ko da kwalin littafi ne. Kuma wasu da hasken da ido baya gani suke aiki, don haka in ka juya sabon maus baka ga ja ba kar ka ce ya mutu.

Ni abin da na fi damuwa da shi shi ne yaranmu masu zana JAMB, tunda aka koma yin ta a kwamfuta gaba ɗaya a 2015 har yanzu kana samun yaro ya iya latsa wayar hannu kamar me amma ka ba shi maus hannunsa na rawa, ya danna dama a maimakon hagu wani akwati ya buɗo ya rikice. Ana iya amsawa da kibod ma, A B C D don zaɓar amsa, N don gaba P don baya, amma duk da haka masu shago irinku in ɗalibi ya zo cike fom ku ɗan bar shi ya riƙe maus ɗin da kansa ko na minti biyar ne, lada ne.

Abban_Ilham:

Kai masha Allah na gode ƙwarai, Injiniya da Hajiya da Malam Allah ya ƙara ilimi. Na buɗe wajen batir ramin ajiyar yana nan amma wayam, alamar ruwan lemon ma babu, ko sunan kamfani babu a jikinsa sai wata lamba kawai, don haka na haƙura. Na duba laftof ɗin kuma akwai Bluetooth har na gwada da wayata ta gani.

Malam maganar ɗalibai in sha Allahu za a yi. Injiniya sauran tambaya ɗaya, tun kafin risibar ta ɓata na lura in na saka babban hadis ɗin nan na waje, wato hard disk da nake ajiye aiki, a ramin da ke kusa da ita sai kibiyar ta riƙa maƙalewa tana tafiya da ƙyar, in na cire ya dawo daidai, na canza batir ma bai daina ba. Ina tsoron kar in sayo wani mai risiba in sake faɗawa ciki, ko laftof ɗin ce ke da matsala?

Injiniya_Mai_Gyara:

A'a Alhaji laftof ɗinka ƙalau take. Leƙa cikin ramin da kake saka hadis ɗin, in harshen ciki shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensa to USB 3.0 ne, shi kuma in yana kwasar bayanai da gudu yana fitar da hayaniyar rediyo a daidai wajen 2.4GHz ɗin da risiba ke sauraro, kamfanin Intel da kansa ya fitar da takarda a kan wannan a 2012. Maganinsa nisanta su kawai, ka mayar da risibar ɗaya gefen laftof ɗin, in babu rami a can ka sayi ɗan gajeren kebul na ƙarin tsawo na USB ka soka risibar a ƙarshensa ka ajiye ta kusa da maus. Bluetooth ma a wannan zangon yake don haka shi ma yana iya ɗan taɓuwa, sai dai ba kamar risibar da ke manne da ramin ba. Haka in risiba na bayan destof a ƙarƙashin tebur ƙarfen akwatin na tare ta, shawarar Hajiya ta ɓoye ta a baya tana da kyau amma in kaga yana yankewa ka fito da ita da irin wannan kebul ɗin ka liƙe shi da salatif a ƙasan teburin.

Kuma tunda ƙarancin rami ne asalin damuwarka ka sayi hob mai rami huɗu mana, wato ɗan abin da ake sokawa a rami ɗaya ya ƙara maka ramukan USB, maus da kibod da filas duk zai ɗauka ba matsala don basa jan wuta sosai, hadis ɗin ne kawai zaka bari a jikin laftof kai tsaye.

In ka je saye ka tafi da laftof ɗin ko ka sa su gwada a gabanka. Ka danna hagu da dama sau da yawa ka ji ko ƙararsu ɗaya, ka gungura tayar a dogon shafi ka gani ko tana komawa baya da kanta, ka ja fayil daga wannan gefe zuwa wancan ka ga ko yana sakinsa a hanya. Jabu sun yi yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, za ka ji su sakayau a hannu ba nauyi, rubutun kwalin a dusashe, araha dai bata ado. Kar kuma lambar DPI da ake rubutawa ƙatuwa a kwali ta ja ka, ma'anarta kawai nisan da kibiya zata yi in ka motsa hannu inci ɗaya, aikin ofis 800 zuwa 1600 ya wadatar, in ta yi yawa ma sai kibiyar ta riƙa gudu kana binta.

Wani abu kuma da ke sa a zargi maus a banza, Windows tana kashe ramin USB ko Bluetooth da kanta don tattalin caji. In kaga yana ɗaukewa haka kawai ka shiga Device Manager ka nemo shi, a shafin kula da wuta akwai wani ɗan akwati da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar, ka cire alamar da ke ciki.

Gema_Boy:

Ni dai in ba mai 1000Hz ba bana taɓawa, na ofis ɗin nan 125 ne kawai wato sau 125 a daƙiƙa yake gaya wa kwamfuta inda yake, a gem kafin ka juya an harbe ka, Bluetooth kuwa ma ba a maganarsa a gem. Oga ka sayi na gemin mai fitilu kala-kala kawai ka huta

Ummu_Zane:

Ƙanina mutumin nan fom ɗin makaranta yake cikewa ba harbi yake ba, 125 ɗin ta yi masa yawa ma. Fitilun kuma cajin laftof kawai zasu sha masa ranar da babu wuta.

Dan_Farm_Centre:

Salam. Ni gyaran wayar hannu nake amma bari in sa baki, Alhaji duk wanda zaka saya ka ajiye mai waya na USB guda ɗaya a durowa ko da mafi araha ne. Mu nan kusan kullum sai an kawo waya gilashi ya fashe tana nuna hoto amma taɓawa baya yi, mai ita na kuka hotunansa da lambobinsa na ciki, sai mu ɗauko 'yar adaftar OTG mu soka a wajen caji mu haɗa maus, kibiya ta fito a sikirin ɗin wayar a zana fatan ko a danna fin a buɗe a kwashe kaya. Yawancin wayoyin Android suna yi, sai dai a wasu kamar Tecno da Infinix da Oppo wani lokaci sai an kunna OTG a cikin seti tukuna, in kuwa a kashe yake kuma taɓawa ta mutu to aiki ya ƙaru. Mai risiba ma yana yi ta OTG ɗin, na Bluetooth ne ba zai cece ka ba a nan don sai ka shiga seti ka haɗa shi, kai kuma shigar ce ta gagara. Adaftar iri biyu ce ka duba bakin cajin wayar, akwai Type-C akwai tsohon ƙaramin bakin nan micro.

Tsohon maus ɗin naka kuma kar ka yar. Maɓallan da ke ƙarƙashin hagu da dama yawanci girmansu ɗaya a maus da yawa, ranar da sabon ya fara danna biyu kai ɗaya ka danna sai a ciro na daman tsohon tunda shi ba a cika wahalar da shi ba a yi maka soda a sabon, aikin minti goma ne. Tayar ma in ta fara tsalle ƙura ce, a buɗe a hure a ɗiga mata ɗan sifirit.

Abban_Ilham:

To Alhamdulillahi na samu mafita. Destof zan saka mata mai waya na USB tunda ita yaron ke zama a kai, ni kuma in nemi mai hanya biyun da Hajiya ta faɗa saboda laftof, da hob ɗin. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa Beirut Road da laftof ɗin a jaka a gwada a gabana. Injiniya shi ramin USB ɗin da ya mutu ana gyarawa ko in bar shi?

Injiniya_Mai_Gyara:

Haska shi da tocilar waya ka gani, in harshen robar ciki ya karye ko ƙarafunan sun lanƙwashe suna taɓa juna kar ka sake soka komai a ciki don yana iya jawo shot ya kashe sauran, ka kai a canza shi, a wasu HP ɗin ma ramukan gefe ɗaya a kan ɗan allonsu daban suke sai a sauya allon kawai. In kuma ciki lafiya yake to a fara duba diraiba kafin a kwance komai.